Gangar Baba da Fadamar Dagaci

Gara in fara da wautata, don ko ban faɗa ba kakata za ta faɗa muku, kuma ita in ta tashi ba da labarin sai ta zuba masa gishirin da ya fi nawa. Na taɓa kutsawa cikin masu zikiri, na wanke hannu har gwiwa, na zauna ina jiran a kawo tuwo.

A bazara ta biyu ne bayan an ce Turawa sun miƙa mulki. Ƙauyenmu yana tsakanin Makarfi da Hunkuyi, kuma ƙanƙantarsa ta kai in ka yi atishawa a gabas sai ka ji an yi maka addu'a daga yamma. Wata Juma'a da la'asar sakaliya na dawo daga fadama, yunwa tana cina, da ina da takalmi da na gasa shi na cinye. A bayan masallaci, gindin wata tsamiya, sai na hango maza sun yi da'ira, an shimfiɗa farin ƙyalle tas a tsakiyarsu. Ni a iya sanina ba a shimfiɗa abu mai tsabta haka a tsakiyar maza sai in akushi za a ɗora. Na ce sadaka ce, Allah ya kawo ni a kan gaɓa. Na ɗauki butar wani na wanke hannu, na matse tsakanin wasu dattawa biyu, har na ɗan sassauta tazugen wandona don abinci ya samu wurin zama.

Tuwo bai zo ba. Wani siririn malami ya ɗaga murya da kalmar shahada, sauran suka amsa gaba ɗaya, suka ci gaba da maimaitawa har na ji ƙasa tana rawa a ƙarƙashina. Tashi ya gagara, don dattawan nan biyu sun danne mini gefen riga. Na sunkuyar da kai ina motsa leɓe kamar na san abin da ake yi. Da na gaji na ɗago, na dubi tsallaken ƙyallen, sai yunwar ta ɓace ɗif.

Babana ne zaune. Idonsa a rufe, hawaye yana bin gemunsa yana ɗiga a kan gwiwa.

Sai kun san Baba za ku gane abin da ya sa na kusa haɗiye harshena. Baba makaɗin noma ne, haka ubansa, haka kakansa. Gangarsa ta kai girman ɗan rumbu, in ya dake ta a ƙauyenmu sai kajin can garin Kudan su daina ƙwai. Ban taɓa ganin ruwa a idonsa ba. Ran da dokin da ke juya injin matse rake ya harbe shi a cinya, tsayawa ya yi ya zagi dokin, ya zagi uwar dokin, ya ɗingisa ya koma aiki. Salla yana yi, amma kafin ka ce ka gyara tsayuwa ya sallame. Wannan mutumin ne na gani yana kuka kamar an yaye shi jiya.

Da aka shafa fatiha muka kamo hanyar gida, yana gaba ina baya. Na ɗauka zai ɓalle mini kunne. Sai da muka kai ƙofar gida ya juyo ya dube ni.

"Ka ƙoshi?" in ji shi.

Iyakar abin da ya ce ke nan. Amma wani daga cikin dattawan ya kai wa kakata labari tun kafin in cire hula, na tarar tana dariya har da riƙe ciki.

"Angona, yaya miyar? Kuka ce ko kuɓewa? Ka rago mini loma ko ka sharɓe duka?"

"Ke dai tsohuwa, da kina da haƙori da na rago miki ƙashi."

Muka yi ta yi, ba wanda ya san a cikinmu cewa abin da na gani a gindin tsamiyar nan shi zai taɓa tukunyar gidanmu.

Tukunyar gidanmu kuwa fadama ce. Ba tamu ba ce, aro ce. Tun zamanin kakan Baba gidan dagaci ya ba gidan makaɗa wani yanki mai kyau a bakin rafi, muna shuka rake. Da rani a kai raken inji, doki ya yi ta zagaye, a dafa ruwan a yi mazarƙwaila, a kai kasuwar Makarfi. Daga nan harajinmu yake fita, da kayan Salla, da gishiri da manja, kuma daga nan nake sa ran wata rana za a yi mini aure, ko da yake har lokacin ba yarinyar da ta san da wannan shirin. Abin da gidanmu yake biya a madadin fadamar abu ɗaya ne: duk damina Baba ya buga gangar gayya a gandun dagaci.

Gayya iri biyu ce a wurinmu. Akwai ta maƙwabta, yau a taru a yi wa wannan huɗa, gobe a koma gonar wancan, kowa ya samu. Akwai kuma ta dagaci. Ita ce ake fara yi, daidai lokacin da ƙasa ta jiƙu kowa yana ƙoƙarin ceto tasa dawar daga ciyawa, kuma ita ba a ramawa. A ba ka fura, a ce Allah ya yi albarka. Ba a sa bulala a kora kowa. Ba a bukata, don akwai Baba. Kowane saurayi a garin yana da takensa, wato ɗan kiɗan da yake nasa shi kaɗai, mai ɗauke da kirarinsa da na ubansa. In Baba ya sa gula, wato sandar kiɗa, ya kira takenka, ko kana kwance da zazzaɓi sai ka ji ƙafarka ta miƙe ta bar ka a baya. Ni nake bin sa da kazagi, ƙaramar gangar da ke amsa wa babba, ina fankama a gaban 'yan matan da suka kawo fura. A ganina a lokacin ba sana'ar da ta kai tamu a duniya.

Malamin nan siriri ɗan gidan malamai ne daga Hunkuyi. Ya yi shekaru yana karatu a Kano, ya dawo da carbi da farin ƙyallensa da murya mai sanyi. Ban taɓa jin ya ambaci wata jam'iyya ba, ko ya ɗaga wa wani murya. Magana ɗaya yake ta nanatawa bayan zikiri: tuba tsakaninka da Allah mai sauƙi ce, amma haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai ka mayar masa da abinsa ko ya yafe maka da bakinsa.

Kafin ruwan farko ya sauka garinmu ya rikice. Mai awon hatsi ya fito da mudunsa mai lotsattsen gindi ya jefa a rijiya a gaban jama'a. Wani dattijo ya tumɓuke gambar da ya yi shekaru yana turawa cikin gonar ƙanensa, ya mayar da iyaka inda take. Ɓarawon kajin unguwarmu, da ya rasa abin mayarwa, an ce da gashin kazar ya je. To, wannan na ƙarshen ni na ƙara, amma ya je ɗin. Dagaci da farko murna ya yi, har ya aika wa malam da goro, don ƙararraki sun ragu a zaurensa.

Ni ina ta dariyar mutane, ina cewa mu dai makaɗa ba mu ci na kowa ba, iyakarmu mu faranta rai. Sai wata safiya Baba ya ce in sa riga in biyo shi.

"Ina za mu, Baba? In ɗauko kazagi?"

"Bar shi. Hannunka yana cikin abin, shi ya sa za ka."

Gidan Sarkin Noma muka fara zuwa. Shi ne shugaban samarin garin a wajen aiki, ƙato ne, ƙirjinsa kamar ƙofar zaure, garmarsa ni da ƙyar nake ɗaga ta. A daminar da ta wuce ya yi aman jini a gandun dagaci, ya kwanta har ciyawa ta cinye tasa dawar, gidansa suka shiga awo tun kafin kaka. Kowa ya ce tsautsayi ne. Muka same shi a ƙofar gida yana gyaran ƙota. Baba ya yi sallama, ya cire takalmi, ya durƙusa a gabansa har ƙasa.

Na waiwaya in ga ko dagaci ne ya ɓullo ta bayanmu. Ba kowa. Baba, da furfurarsa, ya durƙusa wa wanda ya haifa a shekaru.

"Subhanallahi! Baba makaɗi, tashi don Allah! Me na yi maka za ka ja mini abin magana?"

"Ba ka yi mini komai ba. Ni na yi maka. Zauna ka ji."

Sarkin Noma ya zauna a kan turmi, ƙotar tana hannunsa.

"Bara a gandu," in ji Baba, "na ga lokacin da ka fara sanyi. Ka san abin da nake yi in na ga ka fara sanyi? Sai in saki takenka in kama na ɗan gidan maƙera, don na san ba ka jure a yabe shi kana tsaye. In ka zabura ka wuce shi, sai in koma in zuga shi da naka. Haka nake juya ku tun kuna yara. Ran nan na ga jinin a bakinka tun kafin ka faɗi. Ban sassauta ba, don saura kunyoyi kaɗan a gama, kuma dagaci yana kallo. Na ci rake da guminka. Ka yafe mini."

Na ji kamar an kwara mini ruwan randa. Wannan dabarar na san ta, Baba ya koya mini ita da kansa, amma sirrin gidanmu ce, ko mahaifiyata ba a yin zancen a gabanta. Ga shi yana zazzage ta a bakin hanya kamar mai tallar gyaɗa.

Sarkin Noma ya ajiye ƙotar a ƙasa. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Wato duk kirarin nan da kake yi mini, na bijimi, na mai raba ƙasa biyu, ba ni kake yi wa ba?"

"Gonar nake yi wa."

Ban taɓa ganin fuskar ƙato ta koma ta yaro ba sai ran nan. Ya dubi tafin hannunsa, ya dubi Baba.

"Na yafe," ya ce. "Tashi, Baba. Na yafe duniya da lahira."

Daga nan muka wuce gidan maƙera, daga can gidan gaba. Duk saurayin da Baba ya taɓa kira da ganga sai da ya durƙusa masa, ya faɗa masa dalla-dalla ta inda yake kama shi. Wannan da kishin wansa, wancan da yarinyar da yake so a cikin masu fura. Kafin azahar gwiwoyin wandon Baba sun yi baƙi, ni kuma ina tafe a baya kamar wanda aka yi wa sata da rana tsaka. Da muka dawo ya ɗauki gangar ya rataye a ɗakin kakata, ya ce ya gama.

Ruwa ya zauna, dawa ta kai gwiwa, sai ga bafaden dagaci da sandarsa, wai a shirya ganga, gayya ranar Asabar. Baba ya ce a gaya wa dagaci yana neman afuwa. Ba a jima ba bafaden ya dawo, ya ce ana kiransa, kuma ya zo da yaronsa.

Dagacinmu ba azzalumin tatsuniya ba ne. Dattijo ne mai ciwon ƙafa, ya san sunan kowane jariri a garin. Muka faɗi muka yi gaisuwa, ya amsa, ya tambayi kakata da jikinta, sannan ya gyara zama.

"Makaɗi, me nake ji?"

"Ranka ya daɗe, abin da ka ji haka ne."

"Ni da kai muka yi wasan ƙasa. Ka san gandun nan ba cikina kaɗai yake ci ba. Baƙon hakimi ya sauka, daga ina? Masu haraji, masu allurar shanu, mai wa'azi, mahaukacin da ya kwana a zaure, duk daga ina? Yanzu kuma ga zaɓe yana tafe, daga sama ana tambayata wai 'yan adawa sun shigo garina sun ɓuya a bayan carbi. Ka ce in ce musu me?"

"Allah ya ja zamaninka, ni ban san jam'iyya ba, ban san ƙuri'a ba. Kabarina na sani. Zan zo ranar Asabar da garmata in yi maka huɗa har inda ƙarfina ya ƙare. Amma in kira ɗan wani da ganga ya bar gonarsa, ba lada, ba da son ransa ba, wannan na tuba."

"Garmarka aka ba fadama? Gangar aka ba. In an yi kiɗa an huɗe gandu ranar Asabar, fadama tana nan. In ba a yi ba, ta dawo gida, ko da raken a tsaye."

Raken kuwa a shekarar ya yi kyan da bai taɓa yi ba. In ka shiga ciki sai an yi shela kafin a same ka.

A hanyar fita bafaden ya riƙo hannuna, ya bari Baba ya yi nisa. "Kai ɗan samari, ka ji da kunnenka. An ce a yi kiɗa. Ba a ce lallai hannun ubanka ba."

A gida kakata ta tayar da ƙura. Ita ba ta san durƙuso ba, ɗanta ne, ta tsaya a kansa da muciya a hannu.

"Kai, Aljanna kake nema da rakena? Ubanka ya buga gangar nan har ya mutu, wuta ya tafi ke nan? Faɗa mini in ji!"

"Inna, Allah ya jiƙansa, shi bai ji abin da na ji ba."

"To ni na ji abin da ban taɓa ji ba! Da wane baki za mu ci zikiri in rani ya yi? Shi malamin naku fadama gare shi da zai ba ka?"

Baba ya ci gaba da jan carbinsa. Ta juyo kaina.

"Kai kuma angon banza, kana tsaye kamar tabarya. Ba ka iya taken kowa ba? In ka bari aka karɓe fadamar nan na sake ka, saki uku, ka je ka auri farin ƙyallen."

Na dubi Baba, ina jiran ya hana. Da ya hana da na huta.

"Ba na hana ka," ya ce. "Gangar kakanka ce, kana da gado a ciki. Abu ɗaya nake roƙonka. In ka kira mutum, ka kalli fuskarsa."

Asabar da sassafe na saɓi gangar. Ta fi ni faɗi, duk wanda ya hango mu daga nesa zai ce ganga ce ta yi ƙafafu ta fito yawo. A bakin gandu an shimfiɗa wa dagaci buzu a inuwar ɗorawa, ga bafade, ga ƙoren fura a jere, ga 'yan mata. Na tofa yawu a hannu, na ɗaga gula, na saki kiran gayya. Ba yabon kai ba, kiɗan ya fita. Tsuntsaye suka watse, wani jaki ya tsinke igiya.

Sai ga su. Samarin garin gaba ɗaya, garemani a kafaɗa, Sarkin Noma a gaba. Zuciyata ta yi tsalle, na ce fadama ta tsira, kakata za ta mayar da aurenmu. Suka iso bakin gandu suka tsaya. Ba wanda ya sauke garma.

Na kama taken Sarkin Noma, na dake shi da duk ƙarfina. Na kalli fuskarsa kamar yadda Baba ya ce, kuma da ban kalla ba. Kafaɗarsa tana rawa da kanta. Ƙafarsa ta dama ta ɗaga ta yi gaba, ya janyo ta baya kamar mai jan akuyar da ta ga dusa. Gumi ya karyo masa alhali bai sari ƙasa ko sau ɗaya ba. Leɓensa yana motsi, na gane kalmar shahada yake yi. Na ce a raina saura ƙiris. Sai na yi abin da aka koya mini: na saki takensa na kama na ɗan gidan maƙera.

Su biyun suka juya suka dubi juna. Ɗan gidan maƙera ne ya fara murmushi, sai Sarkin Noma ya fashe da dariya, sai duk samarin suka ɗauka.

"Ɗan makaɗi, an riga an gaya mana wannan!" wani ya ɗaga murya daga baya. "Sako wata!"

"A ba shi tuwo ya huta, tun bazara yake jira!"

Gular ta yi mini nauyi a hannu. Kiɗan da ya yi shekara da shekaru yana tayar da garin nan, ga shi ya zama abin dariya a hannuna cikin safiya ɗaya.

Sarkin Noma ya ajiye garmarsa, ya je gaban dagaci ya durƙusa da ladabi, ya yi gaisuwa cikakkiya, har da tambayar ƙafa. Sannan ya ce, yadda kowa zai ji:

"Ranka ya daɗe, mun zo ne don kada a ce an kira mun ƙi amsawa. Muna roƙon arziki. An ce ƙasa ta samu 'yancin kai, to mu ma a bar mu mu fara ceto gonakinmu. In mun gama, wanda ya ga dama ya zo ya taimaka don Allah. In kuma ana so yau ne, a faɗi lada, mu yi ƙwadago."

Tun da aka kafa garin ba a taɓa ambatar lada a gaban dagaci a kan gandunsa ba. Bafade ya saki baki, har ƙuda zai iya shiga ya kwana ya fito da iyalinsa. Wata yarinya ta saki ludayi a cikin fura. Ni kaina na ɗaga ido sama, don na tabbata aradu za ta faɗo. Ba ta faɗo ba. Dagaci ya dube su ɗaya bayan ɗaya, waɗanda shi ya raɗa wa rabinsu suna. Suka sake gaisuwa, suka saɓi garemaninsu, suka nufi gonar Sarkin Noma a jere. Ba a jima ba muka jiyo muryoyinsu daga can, suna huɗa suna zikiri, garma tana sauka daidai da amshi.

Ana cikin haka sai ga Baba, shi kaɗai, da tsohuwar garmarsa. Ya gai da dagaci, dagaci ya kawar da kai. Baba ya tuɓe riga, ya shiga gandu ya kama kunyar farko. Mutum ne da ya yi rayuwarsa da gula a hannu, huɗarsa a karkace take kamar tafiyar maciji. Na ce bari aƙalla in buga masa takensa ya ji ƙarfi. Na ɗaga gula, na lalubi kaina kaf, sai na tarar Baba ba shi da take. Duk garin kowa yana da shi, har gurgun da ke gyaran takalmi, amma ba wanda ya taɓa yi wa makaɗi. Na jingine gangar a gindin ɗorawa, na karɓi garma a hannun wani yaron gidan dagaci, na bi bayansa.

Har rana ta take muna yi, mu biyu da wasu tsofaffi da barorin gidan. Abin da muka huɗe, in ka gwada shi da faɗin gandun, bai fi tabarmar salla a filin idi ba. Da muka fito bafade yana jiranmu. Bai ko dubi Baba ba, ni ya gaya wa, wai kada a sake ganin ƙafar ɗan gidanmu a bakin rafi.

Na ɗauka kakata za ta tsine mana. Da muka shiga gida ta dubi tafin hannun Baba, duk ya kumbura ya fashe. Ta shiga ɗaki ta fito da man kaɗanya, ta kama hannun tana shafawa tana zaginsa, wawa, ɗan wawa, mai kunnen ƙashi, tana yi hawaye yana zuba. Ni ba wanda ya shafa mini komai, alhali nawa hannun ya fi nasa fashewa sau goma.

Bayan 'yan kwanaki 'yan doka suka zo suka tafi da malam da Sarkin Noma, wai sun yi taron siyasa ba izini. Sarkin Noma ya yi watanni a tsare, samarin suka girbe masa dawarsa suka zuba a rumbu kafin ya dawo. Malam aka ce ya koma garinsu kada ya sake kwana a namu. Zikirin gindin tsamiya bai tsaya ba, sai ma da aka ɗinka wani ƙyallen aka haɗa da na farko don da'irar ta yi faɗi. Da damina ta zagayo wasu ƙauyukan kusa da mu suka aiko a tambayi samarinmu yadda suka tsara maganarsu.

Wannan da zan faɗa na ƙarshe ban ƙara masa komai ba. An karɓe fadamar da raken a tsaye, aka ba wani ɗan'uwan bafade, shi ya sare shi ya kai inji. Ba a dawo mana da ita ba. Dagaci bai sake kiran gayya ba, 'yan ƙwadago yake ɗauka ya biya su. Baba da rani yana tura rake a injin wani mutum a Makarfi, ni ina kora dokin. Gangar tana nan rataye a ɗakin kakata, ɓera ya huda fatar.